Yadda Ake Zaɓa Da Kafa Tankin Sokawe A Ƙaramin Gidan Karkara

Mafi yawan masu gina ƙaramin gida a karkara sai an gama rufi, an sa ƙofofi, sannan ake tunawa da sokawe. A lokacin kuɗi sun ja baya, filin da ya rage kuma wani lungu ne da aka rasa abin yi da shi, sai a nuna wa lebura a ce ya haƙa a nan. Daga wannan gaggawar ake samun ramin da ke tumbatsa duk damina, da masai mai dawo da ruwa, da rijiyar da ke sa yara gudawa an rasa dalili. Aikin bai fi ƙarfin magini nagari da mai gida mai sa ido ba. Sai dai yana da tsari, kuma daga ƙasar filin ake farawa, tun kafin a sayi bulo ɗaya.

Ka fara sanin abin da kake ginawa

Abu biyu ne ke aiki tare. Na farko tanki ne rufaffe, wanda ko ɗigo bai kamata ya fita ta bangonsa ko gindinsa ba. Ƙazantar gida tana shiga ta zauna kwana ɗaya zuwa uku, mai nauyi ya nutse ya zama dagwalo a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso su yi ɓawo a sama, ƙwayoyin bakteriya da ba sa buƙatar iska su riƙa cin dagwalon suna rage yawansa. Ruwan da ke tsakanin ɓawo da dagwalo shi kaɗai ake so ya fita. Na biyu shi ne wurin da wannan ruwan zai tsotse cikin ƙasa, ko dai ramin sokawe ko dogayen ramuka masu tsakuwa.

Ruwan da ke fita daga tanki, ko da ya yi haske a ido, har yanzu najasa ne. Yana iya ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot da ciwon hanta. Tanki tace kauri kawai yake yi. Ainihin tsarkakewa a cikin ƙasa take faruwa, yayin da ruwan ke sauka a hankali ta busasshiyar ƙasa mai iska a cikinta. Shi ya sa dabarar da wasu magina ke yi, ta barin gindin tanki babu kankare wai don kada ya cika da wuri, ɓarna ce tsagwaronta. Ɗanyar ƙazanta ce ake tura wa ruwan ƙarƙashin ƙasa kai tsaye, kuma ba a daɗewa dagwalo ke like ƙasar gindin, ramin ya cika duk da haka.

Akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kanka tun yanzu: gidan yana da ruwan da zai ciyar da tanki? Idan da jarka ake ɗebo ruwa daga nesa, buta ɗaya ake shiga da ita bayan gida, bututu zai riƙa toshewa saboda babu ruwan da zai kora kashi har tanki. Irin wannan gida masai mai ramuka biyu da ake kora wa ruwa da bokiti ya fi dacewa da shi, a yi amfani da rami ɗaya, in ya cika a koma ɗayan. Tankin sokawe na gidan da ke da famfo ne, ko tankin ruwa a sama, ko rijiya a kusa da ake ɗiba ba tare da ƙididdiga ba.

Mataki na farko: wuri da ƙasa

Kafin komai, ka je ofishin da ke kula da lafiyar muhalli ko tsara gine-gine a yankinka. A ƙasashe da yawa sai da izini ake kafa tanki, kuma tazarar da doka ta gindaya ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Inda dokarku ta fi abin da zan faɗa tsauri, ita za ka bi.

Ka ɗauki tef ka zagaya filin. Wurin tsotsewa ya nisanci kowace rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 30, har da ta maƙwabci, wadda ita aka fi mantawa da ita. Wasu ƙasashen mita 50 suke nema, kuma in filinka ya ba da dama, ka ƙara. Ya kasance a gangaren rijiya, kada ya hau samanta. Shi kansa tankin ya nisanci rijiya da mita 15, ya bar harsashin gida da mita 3 ko fiye, don kada haƙa ta raunana ginin. Ka kauce wa kwari inda ruwan sama ke kwanciya, da gindin manyan itatuwa, domin saiwa na bin danshi har cikin bututu. Ka kauce wa hanyar da mota ko tarakta ke bi. Amma kuma ka bar hanyar da motar zuƙe masai za ta matso, kada ta wuce kamar mita 30 daga murfin tanki, domin tiyon da take ja yana da iyaka.

Daga nan sai zurfin ruwan ƙasa. Ƙa'idar ita ce gindin wurin tsotsewa ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a lokacin da ya fi tasowa, wato ƙarshen damina. Wanda ya auna da rani ya ruɗi kansa. Ka leƙa rijiyoyin da ke kusa, ka tambayi masu su inda ruwa ke tsayawa idan damina ta yi nisa. Ka kuma haƙa ramin gwaji mai zurfin mita 2 ko fiye a inda kake son aikin, ka dubi bangonsa da kyau. Ƙasa mai launi ɗaya, ja ko ƙasa-ƙasa, alama ce ta iska na shiga. Idan ka ga toka-toka mai ɗigo-ɗigon tsatsa, to ruwa na kwanciya a wannan zurfin wani lokaci a shekara, ko da yau a bushe yake ƙamas. Idan diga ta ci karo da dutse a kusa, nan ma matsala ce, domin ruwa na bin tsagar dutse ya yi nisa ba tare da ya tacu ba.

Sai gwajin shan ruwa, wanda bai kamata a tsallake shi ba ko da maginin ya ce ya san ƙasar wurin kamar yunwar cikinsa. A zurfin da bututu zai kwanta, ka haƙa ƙaramin rami mai faɗin santimita 30 kowane gefe, zurfinsa ma 30. Ka kankare bangon da wuƙa don cire santsin da shebur ya bari. Ka cika shi da ruwa, ka bar shi ya kwana, saboda busasshiyar ƙasa na shan ruwa da ƙishirwa, ta nuna maka saurin da ba nata ba. Washegari ka kafa sanda a ciki mai alama biyu, ɗaya a santimita 22.5 daga gindi, ɗaya a 7.5. Ka sake cikawa, ka duba agogo lokacin da ruwa ya taɓa alamar sama, ka sake dubawa lokacin da ya kai ta ƙasa. Saukar santimita 15 ke nan. Ka maimaita sau uku, a ramuka biyu ko uku, ka ɗauki matsakaici.

Idan saukar ta ɗauki tsakanin rabin awa da kamar awa huɗu, ƙasarka ta yi. Idan ta fi haka sauri, rairayi ne ko tsakuwa, ruwa zai wuce bai tacu sosai ba, don haka sai a ƙara nisa da rijiya kuma a nemi shawarar injiniya. Idan awa huɗu ta wuce ruwa na nan, ko ka dawo da safe ka tarar bai ƙafe ba, yumɓu ne, kuma babu girman ramin da zai sa yumɓu ya sha abin da ba ya sha. Mafita a nan ita ce a canja wuri, ko a gina tudun yashi da aka tsara musamman a saman ƙasa, wanda aikin ƙwararru ne.

Mataki na biyu: girman tanki

Lissafin ba shi da wuya. Tanki na buƙatar wurin ruwan kwana biyu, da wurin dagwalon da zai taru kafin a kwashe. Mutum ɗaya na tara kimanin lita 40 na dagwalo a shekara idan ruwan wanka da na wanke-wanke na shiga tare da na masai.

Ɗauki gida mai mutum shida, kowa na amfani da lita 80 a rana. Lita 480 ke nan kullum, na kwana biyu 960. Dagwalon shekara huɗu: 40 sau 6 sau 4, shi ma 960. Jimla lita 1,920. Amma gida ba ya zama yadda aka gina shi. Ana haihuwa, baƙi na sauka, wata rana a ja famfo har kicin a sa shawa, amfanin kowa ya haura zuwa lita 150. Da wannan adadin, lissafin ya koma lita 2,760. Saboda haka shawarata ga ƙaramin gida ita ce kada a yi ƙasa da lita 3,000. Bambancin kuɗin gina babba da ƙarami kaɗan ne idan aka kwatanta da fasa tanki a sake. Ƙaramin tanki kuwa ruwa ke ratsa shi da gudu, ya kwashi dagwalo ya kai wa sokawe, ya kashe shi.

Siffar ma na da muhimmanci. Tsawo ya ninka faɗi sau biyu zuwa uku, don tafiyar ruwa daga mashiga zuwa mafita ta yi nisa. Awon ciki na mita 2.4 tsawo, mita 1 faɗi, da zurfin ruwa mita 1.25 yana ba da lita 3,000 cif. A ƙara santimita 30 na sarari tsakanin fuskar ruwa da rufi. A raba shi ɗaki biyu: na farko kashi biyu cikin uku na tsawon, wato mita 1.6, na biyu mita 0.8.

Mataki na uku: na gini, na kankare ko na roba

Tankin bulo da siminti da ake ginawa a wurin shi ne ya fi sauƙin samu a karkara, domin kayan na zuwa kaɗan-kaɗan ko hanya ba ta da kyau, kuma za ka yi girman da kake so. Rauninsa hannun magini ne: filasta mara kyau na nufin yoyo. Na kankare da ake zubawa a masana'anta yana da ƙarfi da nauyi, ruwan ƙasa ba ya ɗaga shi da sauƙi, amma sai da motar ɗaga kaya, kuma sai hanya ta kai ta har bakin rami. Na roba ko na faiba ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ana kafa shi a yini guda. Sai dai rashin nauyin nan shi ne haɗarinsa, domin a wuri mai ruwan ƙasa, ranar da aka zuƙe shi yana iya tasowa ya karya bututu.

Idan na roba za ka saya, ka tabbata don binnewa aka ƙera shi, mai kauri da layukan tudu a jiki masu ƙara masa ƙarfi, mai bangon raba ɗakuna a ciki, kuma ka karɓi takardar umarnin kafawa daga mai sayarwa. Tankin ajiye ruwa da ake ɗorawa a kan gini ba a yi shi don ɗaukar matsin ƙasa ba. In aka binne shi lotsewa yake yi. Na ƙarfe kuwa tsatsa ke cin rufinsa ta ciki, ba a sani sai ranar da ya rufta da mutum, don haka ka bar shi gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: gangara da haƙa

Zurfin tanki bututun da ya fito daga gida ne ke yanke shi, saboda haka daga can ake fara awo. Bututu mai inci huɗu ake amfani da shi, yana sauka santimita 2 a kowace mita. Idan tazarar mita 6 ce, bakin da ke shiga tanki zai yi ƙasa da na gida da santimita 12. Gangara in ta yi kaɗan, kaya na kwanciya a hanya. Ka ja igiya, ka auna da siririn tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa, domin ruwan bakinsa biyu kullum a layi ɗaya yake tsayawa. Ido ba ya ganin bambancin santimita 2. Hanyar bututun ta miƙe gwargwadon iko, kuma duk inda dole ta karya kwana a gina ƙaramin ramin dubawa mai murfi, ta nan za a zura sanda ranar da ya toshe.

A haƙa ramin ya fi tankin faɗi da kamar rabin mita kowane gefe, don magini ya samu wurin yin filastar waje. Ramin da ya wuce mita 1.2 yana iya kashe mutum. Ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya ta kai tan ɗaya da rabi, kuma in za ta rufta ba ta sallama. A kwantar da bangon ramin ya yi gangara, ko a tokare shi da katako. Ƙasar da aka fitar a zuba ta nesa da baki da aƙalla mita ɗaya. Kada mutum ya yi aiki a ciki shi kaɗai, a ajiye tsani, da yamma kuma a killace wurin saboda yara da dabbobi.

Mataki na biyar: ginin tanki

A daddale gindin ramin, a shimfiɗa tsakuwa, a zuba kankare mai kaurin santimita 15 da haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Inda ƙasa ke da laushi a sa ragar rodi a ciki. Gindin ya daidaita sosai, domin in ya karkata, mafita na iya komawa sama da mashiga.

Bango a yi shi da bulo mai inci tara, ko dai cikakke ko mai rami da aka cika da kankare. A ɗaure bangon tsakiya da na gefe tun ana hawa, kada a jingina shi daga baya. A bangon tsakiyar za a bar ƙofar da ruwa zai bi zuwa ɗaki na biyu, a tsakiyar zurfin ruwa ko sama da haka kaɗan, inda babu ɓawo babu dagwalo. Kada a bar ta a gindi. A can sama kuma bangon ya tsaya kafin ya taɓa rufi, don iska ta riƙa ratsawa.

Yanzu ga ɗan abin da ya fi komai araha a aikin, kuma shi ke tsare sokawe: bututu mai siffar T a mashiga da mafita. Na mashiga yana karkatar da ruwan da ya shigo zuwa ƙasa a hankali, kada ya fasa ɓawo ya dama tankin. Na mafita ƙafarsa na nutsewa cikin ruwa kamar kashi 40 cikin 100 na zurfin, wato santimita 50 a tankinmu, kansa kuma ya ɗago sama da ɓawo a buɗe. Ta haka ruwan tsakiya ne kawai ke samun hanyar fita. Bakin mashiga ya fi na mafita tsayi da santimita 5 zuwa 7.5. Ka tsaya da kanka a auna wannan a gabanka kafin siminti ya kama, domin bayan an rufe, gyaransa sai da fasa.

A yi filastar ciki shafi biyu da haɗin siminti ɗaya yashi uku, a murɗa kusurwoyi su yi zagaye, musamman inda bango ya haɗu da gindi, nan ne yoyo ya fi farawa. A yi ta waje ita ma. A riƙa shayar da ginin ruwa kwana bakwai. Sannan a gwada kafin a rufe: a cika tankin har bakin mafita, a bar shi yini guda siminti ya sha nasa, a ƙara ruwa, a ja layi da alli daidai fuskar ruwan, a dawo bayan awa 24. Idan ruwan ya sauka daga layin yadda ido ke gani, akwai yoyo, a nemo shi yanzu. Yoyo hanya biyu yake ci: da rani ƙazanta na fita, da damina ruwan ƙasa na shigowa ya cika tankin.

Rufin a zuba shi da kankare mai kaurin santimita 10 zuwa 15 da rodi a gicciye. A bar ƙofa mai faɗin santimita 60 a kan kowane ɗaki, daidai saman bututun T, don a iya ganinsa a kuma share shi. Wuyan ƙofar ya ɗago sama da ƙasa kaɗan saboda ruwan sama, murfin kuma ya zama mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, ya zauna daram babu kafar da sauro zai bi, don sauro na hayayyafa a cikin tanki sosai. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kada a ɗora masa nauyi kafin nan. Iskar da ke taruwa a ciki tana buƙatar mafita: a ɗaga bututun iska a jikin bangon gida har ya wuce rufi, nesa da taga, a rufe bakinsa da ragar sauro.

Idan na roba ne, a shimfiɗa yashi ko ƙananan tsakuwa a gindi, a daidaita, babu dutse mai kaifi. Inda ruwan ƙasa ke tasowa a zuba kankare a ɗaure tankin a kai kamar yadda takardar masana'anta ta nuna. Cikon gefe da cika tanki tare suke tafiya: a zuba ruwa santimita 30 a ciki, a zuba yashi santimita 30 a kewaye a daddale da hannu, a sake, har sama. Wanda ya cike gefe tanki na fanko zai lotsa shi.

Mataki na shida: wurin tsotsewa

Ana lissafa shi da faɗin bangon da ruwa zai ratsa, ban da gindi, domin gindi ne ke fara likewa. A kimance, murabba'in mita ɗaya na rairayi na shan lita 50 a rana, ƙasar noma mai yashi lita 30, mai laushi lita 20, mai yumɓu-yumɓu lita 10. Gidanmu mai lita 480 a kan ƙasa mai shan 30 na buƙatar murabba'in mita 16. Idan ana sa ran amfanin ruwa zai ƙaru, a lissafa da babban adadin tun yanzu.

Ramin sokawe mai zagaye, faɗin mita 2, kewayensa ya kai mita 6.3. Zurfin mita 2.5 ƙasa da bakin bututu zai ba da kusan murabba'in mita 16 ɗin. Ana gina bangonsa da bulo a bar tsaga tsakanin bulo da bulo babu siminti a tsaye, a cika bayan bangon da tsakuwa, a bar gindi babu kankare. Rabin mita na sama kawai ake ginawa a like, a yi masa rufi da murfi. Amma ka haɗa lissafin: bututu na shiga a kusan rabin mita, rami ya sauka 2.5, sannan ana buƙatar busasshiyar ƙasa mita 1.5 a ƙarƙashi. Wato sai ruwan ƙasa ya yi nisan mita 4.5 ko fiye a ƙarshen damina irin wannan rami zai halatta.

Inda ruwa ya fi haka kusa, dogayen ramuka ne mafita, kuma ni ko da zurfin ya isa na fi son su in akwai fili, domin ƙasar sama ta fi iska da ƙwayoyin da ke cinye ƙazanta. A haƙa rami mai faɗin santimita 60, a zuba wankakkiyar tsakuwa mai girman santimita 2 zuwa 5 har kaurin santimita 60, a ɗora bututu mai huji-huji, hujin na kallon ƙasa. Kowace mita ta irin wannan rami na ba da bango murabba'in mita 1.2, don haka mita 14 ta biya buƙatar gidanmu, a yi ta layi biyu da tazarar mita 2 a tsakani. Gangarar bututun nan kusan babu, kada ta wuce rabin santimita a mita, in ba haka ba duk ruwan zai tattaru a ƙarshe. A rufe bututun da tsakuwa, a shimfiɗa yadin tace ƙasa a kai don turɓaya kada ta cike tsakanin duwatsu, sannan a mayar da ƙasa. Leda ba ta yi a nan, tana hana iska. Kada a yi wannan haƙa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shebur na shafe bangon ya like. A saman wurin ciyawa kawai za a bari: babu gini, babu daɓe, babu ajiye mota, babu shuka kayan lambun da ake ci ɗanye. Ruwan indararo kuma a karkatar da shi wani gefe, kada ya shiga tanki ko ya kwanta a kan wurin tsotsewa.

Kafin a mayar da ƙasa, ka ɗauki hoton komai da waya, ka zana taswira a takarda da awo daga kusurwa biyu na gidan zuwa kowane murfi. Bayan shekara biyar ciyawa ta rufe, babu mai tuna inda bututu ya bi.

Fara aiki da kulawa

A cika tankin da ruwa kafin a fara amfani da shi. Ba ya buƙatar wani sinadari na saye don ya kama aiki, ƙwayoyin da ake so suna zuwa tare da ƙazantar. Abin da yake buƙata shi ne a kiyaye abin da ake jefa masa. Famfas, audugar mata, leda, tsumma da guntun taba ba sa narkewa. Man girki na ƙara kaurin ɓawo, a juye shi daban. Baƙin mai, fenti, fetur da maganin feshi suna kashe ƙwayoyin tanki, kuma suna wucewa har ruwan ƙasa. Sabulu da ɗan abin wanke masai na yau da kullum ba su da matsala, tuttula su da yawa ne ke da ita.

Sau ɗaya a shekara a auna dagwalo. Ka samu doguwar sanda, ka naɗe mita ɗaya na ƙarshenta da farin tsumma, ka ɗaure. Ka buɗe murfin ɗaki na farko, ka ja baya iska ta fita, sannan ka zura sandar ta cikin bututun T don ta kauce wa ɓawo, har ta taɓa gindi. Ka bar ta minti biyu zuwa uku, ka zaro a hankali. Za ka ga baƙin shafi mai kauri a ƙasan tsumman, sama da shi kuma jiƙa ce kawai mai launin toka. Tsawon baƙin shi ne zurfin dagwalo. Idan ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwa, kamar santimita 40 a tankinmu, lokacin kiran motar zuƙa ya yi. Yawanci hakan na faɗowa duk shekara uku zuwa biyar. Kada ka jira sai masai ya ƙi wucewa, domin kafin nan dagwalo ya riga ya tsallaka cikin sokawe, kuma ƙasar da ta like da shi ba ta wankuwa, sai dai a haƙa sabon wuri. A zuƙe ɗakunan biyu, a bar ɗan dagwalo kaɗan a gindi ya zama iri, a duba ko bututun T na nan daram, ka kuma tambayi mai motar inda zai zubar, ya zama wurin da hukuma ta ware.

Kada kowa ya shiga cikin tanki, ko an zuƙe shi, ko waya ce ta faɗa, ko akuya. Iskar ciki ba ta da isasshen abin shaƙa, tana kuma ɗauke da gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda in ya yi yawa yake kashe jin wari, mutum ya ɗauka babu komai, ya faɗi cikin numfashi kaɗan. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a nan yake zama. Akwai kuma gas mai kama wuta, don haka babu ashana, babu taba, babu fitilar kwai a bakin murfi. Idan wani ya faɗa, a kira masu aikin ceto da ke da na'urar numfashi, a buɗe duk murafan don iska ta shiga, a yi ƙoƙarin jawo shi daga sama da igiya ko ƙugiya, waɗanda ke bakin ramin kuma su riƙe duk wanda ya yunƙura zai sauka.